Ruwan Wankan Yamma

Ranar da Mahamud ya gama ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashensa a saman soro, ya sauko yana share gumi ya ce wa mahaifiyarsa ta shiga ɗakin Baba ta ji, Barira ta tashi ne kawai don kada a ce ta gwale ɗanta. Azahar ce ta bazara, irin wadda rairayin lungunan Birnin Damagaram ke cin tafin ƙafa ta cikin takalmi. Ta ɗaga labule, ta jefa ƙafa ɗaya, sai ta tsaya cak. Sanyi ne ya tare ta a bakin ƙofa, sanyi sosai, har tsigar jikinta ta tashi. Ta waiwaya ta dubi tsakar gida, rana na nan tana zuba wuta yadda ta baro ta. Ta sake duban ɗakin. Mijinta, Malam Illa, wanda ya kwashe makonni yana kwana a zaune saboda numfashi, ga shi a miƙe kan katifa, har ya ja mayafi zuwa ƙirji.

"An kawo wuta ne?" in ji ta.

"Babu wuta tun safe, Inna. Rana ce."

"Wace rana?"

"Wannan dai da ke kanmu."

Barira ta riƙe baki. A duk shekarunta abin da ta san rana da shi shi ne busar da kuɓewa da ƙafar da rijiya. Mahamud ya hau da ita matakala ya nuna mata aikinsa: dogayen kwalabe baƙaƙe a jere, an kishingiɗa su suna kallon sama, kawunansu a soke cikin wani farin tanki. Tiyo ya sauka daga tankin ya shiga wani akwatin ƙarfe a gindin bango. Ya fara bayani da Hausa, ya zarce Faransanci, ya ga irin kallon da take masa, ya dawo hanya. Ya ce ta ɗauka randa ce. Randa na sanyaya ruwa ne don jikinta na tsattsafowa, iska na shanyewa. To, a cikin akwatin akwai wani abu mai kama da gishiri wanda ba ya rabuwa da ƙishirwa, yana zuƙe tururi, zuƙar nan ce ke kawo sanyin. In ya ƙoshi, sai ruwan zafin da kwalaben suka dafa ya bi ta jikinsa ya busar da shi, ƙishirwa ta dawo sabuwa. Muddin tankin na da zafi, ɗakin Baba na da sanyi.

"Wato wuta kake ba shi, ya yi maka aman ƙanƙara," in ji Barira.

"Kusan haka, Inna."

"Allah ya sa mu ga alheri." Ta sauko tana dafa bango, abin bai zauna mata ba.

Ba gwaninta ce ta sa yaron wannan aiki ba. Malam Illa tsohon baduku ne, ya ci shekaru a sunkuye kan fata yana ɗinkin jaka da kube, har zuciyarsa ta gaji. Likita ya faɗa musu ƙiri-ƙiri cewa zafin bazara ne zai iya gamawa da shi, in ana so ya ga damina sai a nema masa sanyi ko ta halin ƙaƙa. Kilim kuwa, na'urar sanyaya ɗaki ta lantarki, ba ta da amfani a unguwar da wuta ke leƙowa ta gaisa ta wuce. Saboda haka duk gidan suka sa ido kan abu ɗaya, a kai Malam ruwan farko.

Kafin ya koma Agadas, inda aikinsa yake, Mahamud ya zauna da mahaifinsa suka daɗe suna magana a kan na'urar, abin da ake yi mata da abin da ba a yi. Barira na madafa a lokacin. Abin da ya iso gare ta daga duk wannan bayani magana ɗaya ce, ita ma ya faɗa yana rataya jaka: kada a bar yara su hau sama. 'Ya'yan zamani ke nan. Sun ɗauka duk abin da ke da ƙarfe da tiyo zancen maza ne, sun manta wa ke hawa soro kullum da faifan shanya.

Ana cikin haka Rahama ta haihu.

Rahama ce 'yar farinsu, don haka tun da ta zo duniya ba wanda ya taɓa jin sunanta a bakin Barira ko na Malam Illa. "Yarinyar nan" take, ko "waccan", har ta yi aure. Barira dai uwa ce, takan saci hanya ta nuna ƙauna ta cikin kwanon tuwo. Malam Illa kuwa kunyarsa irin ta tsofaffin Birni ce, mai tauri. In ta gaishe shi sai ya amsa yana kallon fatar da ke hannunsa. Takalmin sallah ma in ya ɗinka mata, ƙanwarsa Aliya yake bai wa ta kai mata, a ce ita ta sayo. Rahama ta yi shekaru a ɗakin miji tana ɓari, har mutane sun daina yi mata addu'ar haihuwa a gabanta don kada ranta ya ɓaci. Sai ga ɗa namiji, mai rai, mai ƙarfin kuka. Aka kawo ta gida wanka, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari, Gwaggo Aliya ta ɗauro ƙullin kayanta ta tare don ita za ta riƙa yi mata.

Barira ta rantse a ranta cewa wannan wankan ba za a yi masa rabi da rabi ba. Ita dai abin da ta tashi ta tarar shi ne, maijegon da sanyi ya shiga ta gama lafiya har abada. Safe da yamma sai an tafasa ruwa a rabin ganga, a tsoma ganyen dogon yaro, Aliya ta riƙa fyaɗa wa Rahama har jikinta ya yi tururi, haka har a yi arba'in. Ruwa mai yawa haka kuwa sai itace mai yawa, itace kuma sai hayaƙi. Gidan ƙarami ne, katanga ta kewaye shi, hayaƙin ba shi da wajen zuwa sai ɗakin Malam Illa. Da an hura wuta sai ya kama tari, tari mai ƙarar da ke sa Barira ta saki muciya ta ruga. Ta matsar da murhu bayan madafa, ta matsar da shi kusa da zaure, duk ɗaya. Rannan ya yi tarin da ya sa idanunsa suka firfito, ta tsaya a kansa da kofin ruwa, ta rasa wanda za ta zaɓa tsakanin mijinta da 'yarta.

Kashegari ta hau soro da faifan barkono. Tana ratsawa ta gindin tankin sai wani abu ya ɗiga mata a bayan ƙafa, ta yi tsalle har barkonon ya watse. Ta duƙa ta duba. Wani ɗan famfo ne a ƙarƙashin tankin, yana ɗiga a hankali. Ta naɗe hannu da gefen zane ta murɗa shi kaɗan, ruwa ya feso yana huci, tururi ya rufe mata fuska. Ta rufe da sauri ta ja da baya. Ta daɗe a tsaye tana kallon abin. Tafasasshen ruwa ne a saman gidanta, ba itace, ba toka, ba hayaƙi, ita kuma tana ƙasa tana kashe mijinta da tari.

Ba ta ɗauki abin sata ba, kuma a gaskiya ba sata ba ce. Barira mace ce da ko allura ta ara sai ta mayar da zare a jiki. Tankin na da murfi a sama, ta gani, don haka ta tsara abinta: duk abin da ta ɗiba za ta mayar. Da sassafe ta sauko da na wankan safe, da hantsi ta tari na yamma ta juye a rabin ganga ta rufe da buhu da tsohon bargo. In rana ta faɗi, Suma'ila mai ga-ruwa ya turo kurarsa ƙofar gida, sai ta hau da bokiti ta cika tankin. Aliya ta tsoma yatsa a ruwan farko ta fizge hannu.

"Yaya Barira, wannan ai ya fi na itace. Ina kika samo?"

"Ke dai yi wanka."

Hayaƙi ya ɗauke daga gidan, tarin Malam Illa ya lafa. Barira ta riƙa jin kanta wata mai dabara, har takan yi murmushi ita kaɗai a kan matakala. Ta so ta gaya wa Malam, amma maganar wankan yarinyar nan ba maganar da za ta kai gabansa ba ce. Shi ma bai taɓa tambaya ba, ko jaririn sau ɗaya ya kalla, ta gefen ido, ya ce Allah ya raya.

Abin da ba ta haɗa ba shi ne ɗakin. Takan shiga da azahar ta ji sanyin bai kai na da ba, da la'asar kuwa har takan ga gumi a wuyansa, mayafin na gefe a naɗe. Ta tambaye shi. Ya ce jiki ne ya saba, dama sanyin ya yi masa yawa. In Mahamud ya kira waya, tana jin sa yana cewa, "Lafiya lau, sai ma na rufa." To, wanda ke kwance a ɗaki ya ce lafiya lau, wa zai yi masa gardama? Ta ɗora laifin a kan bazara, wadda a shekarar ta zo da fushi.

Asiri kuma ba ya kwana biyu a lungu. Maƙwabciyarsu Hajara, wadda ita ma matar ɗanta ke jego, ta lura hayaƙi ya daina tashi daga gidan Malam Illa alhali ana jin ƙarar wanka safe da yamma. Ta shigo da bokiti tana 'yar dariya. A Birni ba a hana maƙwabci ruwa, ba a hana shi ɗiban wuta, ga shi wannan ya haɗa duka biyun. Barira ta hau ta taro mata. Daga bokiti ɗaya ya koma biyu, daga Hajara ya kai ga wata tsohuwa mai ciwon gwiwa. Barira takan yi tsaki a ranta, amma ta mayar da ruwan kowa daga nata da yamma.

Sai ruwan gari ya ɗauke. Wannan ba sabon abu ba ne a Damagaram, yaro ma ya san shi, amma na wannan karon ya yi tsanani. Famfunan unguwa suka bushe, 'yan ga-ruwa suka koma layi a can bayan gari. Rana ta faɗi Suma'ila bai zo ba. Kashegari ma haka. Ɗan abin da ke randa aka bar wa sha da alwala. Wanka kuwa ba ya jira, don haka Barira ta ci gaba da ɗiba, tana gaya wa kanta cewa da Suma'ila ya zo za ta mayar har da ƙari. A safiyar ƙarshe ta tari na safe, ta tari na yamma, famfon ya yi tari ya tsiyayo 'yan ɗigo ya yi shiru. Ta rufe rabin gangar da buhu da bargo kamar kullum.

Da hantsi ta shiga kai wa Malam Illa kunu, sai ta ji ɗakin ɗaya yake da tsakar gida. Akwatin ƙarfen na ta gurnaninsa, amma iskar da ke fitowa ɗumi ce. Malam na jingine da bango, baki a buɗe, ƙafafunsa sun kumbura sun yi sheƙi. A nan ne maganar Mahamud ta faɗo mata, maganar da ta ji da kunnenta a saman soro ta bar ta a can: muddin tankin na da zafi, ɗakin Baba na da sanyi. Kwanon kunun ya kusa suɓuce mata. Ashe duk bokitin da ta sauko da shi daga sanyin mijinta take yankowa. Ta ajiye kwanon ta fita, ta tsaya a zaure tana leƙen lungu, tana roƙon Allah ya jeho Suma'ila.

Ana gab da kiran azahar ya iso, ya yi baƙi ƙirin da rana, yana ba da haƙuri. Ba ta ma saurare shi ba. Ta juye bido, jarkar ruwan, a bokiti ta kama matakala, mace mai jika, tana hawa kamar ana bin ta. Saman soron ba ya takuwa don zafi. Kwalaben na sheƙi, wani wari na tashi daga jikinsu irin na tukunyar da aka manta a wuta. Ta buɗe murfin tankin ta ce bismillah, ta tuntsura bokitin gaba ɗaya.

Da farko huci ta ji, mai ƙarfi, tururi ya yi tsiri ta bakin murfin ya daki hannunta. Sai ƙara, tas. Kafin ta juya, wata tas, sai wata, suka bi layi daga wannan gefe zuwa wancan. Tantabarun maƙwabta suka tashi gaba ɗaya. Gilashi ya riƙa tarwatsi yana zuba a kan daɓe, ruwan da ta ɗauko da ƙyar ya bi ta fasassun kwalaben ya gangara indararo ya zuba a lungu. Sannan komai ya yi tsit. Barira na tsaye da bokiti a hannu, ba ta ji ƙunar hannunta ba, ba ta ji Aliya na kiran sunanta daga ƙasa ba. Kallon kwalaben kawai take, tana jira ko idonta ne. Biyu ko uku ne suka rage a tsaye, sauran sun zama tsingaro.

Rahama ce ta kira Mahamud ta miƙa mata wayar. Barira ta faɗa masa komai a jere, muryarta ba ta ko rawa, kamar labarin wani gida take bayarwa.

"Inna, da tsakar rana kika zuba?"

"Da tsakar rana."

"A busassun kwalabe." Ta ji ya ja numfashi. "In babu ruwa a ciki zafinsu ya fi na murhu. Sai da asuba ake zubawa, ko bayan magariba. Na gaya wa Baba, na maimaita masa."

"Ni ba ka gaya mini ba."

Ya kau da zancen. Ya ce irin kwalaben babu su a Damagaram, sai an aiko daga Yamai. Ya ce a jiƙa zane a rufa wa Baba, a kira majo, ma'aikacin jinyar unguwa, ya duba shi, shi kuma yanzu zai nemi mota. Daga Agadas zuwa gida ba tafiyar da ake yi kafin la'asar ba ce, su duka sun sani.

Majo ya zo ya auna tansiyo, wato hawan jini, ya yi allura, ya ce a kai shi likita. Malam Illa ya girgiza kai, ya ce ba za a fitar da shi cikin wannan rana ba, a bari ta yi sanyi. Majo ya dubi sararin tsakar gida, bai yi musu ba, ya ce zai dawo da mota bayan la'asar. Aka jiƙa zannuwa aka rataya a ƙofa da taga. Barira ta zauna a gefen katifa da mafici, hannunta ɗaya a naɗe da tsumma, tana fifita da ɗayan. Sai da ɗakin ya rage su biyu sannan bakinta ya buɗe.

"Malam, ni ce. Ruwan tankin nake ɗiba tun kafin suna."

"Na sani."

Maficin ya tsaya.

"Tun ranar farko," in ji shi. Yana magana yana hutawa. "Hayaƙi ya ɗauke, ɗaki ya yi ɗumi. Ga ƙafarki a matakala safe da hantsi. Ciwo nake, Barira, ban kurumce ba."

"Ka sani, kana gumi, kana ce wa yaro lafiya lau?"

"To me zan ce masa?"

"Da ka gaya mini lokacin zubawa. Magana ɗaya ce, Malam."

Ya rufe ido. Ta zaci ya yi barci, sai ya ce, "In na gaya miki, kin san na sani. In kin san na sani, kin daina. Na ji kina zubawa da magariba, na ce to, ta dace, ba sai na yi magana ba." Ya nemi numfashi ya samu. "Ban taɓa bai wa yarinyar nan komai da hannuna ba. Wannan dai na ga ina da shi."

Barira ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa. Shekara nawa tana zaune da mutumin nan tana cewa a ranta zuciyarsa busasshiyar fata ce a kan yarinyar, ashe yana kwance yana jin ƙarar ganye a bayan ɗaki, yana biya da numfashinsa. Haushi ya kama ta, da tausayi, da wani tsoro da ya fi su duka. Ta so ta yi masa faɗa irin wanda ba ta taɓa yi ba, ta rasa ta inda za ta fara, sai ta ci gaba da fifita da ƙarfi har kafaɗarta ta yi tsami.

Rana ta ƙi sauka. Zanen da aka jiƙa kan bushe kafin a juya, a sake jiƙawa. Bangon ɗakin, wanda ya yi makonni yana shan sanyi, ya koma yana fitar da zafi. Aliya na shiga tana fita da kofi. Rahama na tsaye a bayan labule da jariri a kafaɗa, ba ta shiga ba, don ba ta saba shiga ba. Aka kira la'asar a masallacin unguwa. Malam Illa ya buɗe ido ya juyo da kai wajen Barira.

"Rahama ta yi wankan yamma?"

Barira ba ta taɓa jin sunan a bakinsa ba, ko a ranar suna, ko a ranar ɗaurin aure. A bayan labule ta ji wani ɗan sauti, ta san yarinyar ta ji.

"Ba ta yi ba tukuna. Ruwan na nan a rufe."

"Kada ya huce," in ji shi.

Bai ƙara cewa komai ba sai kalmar shahada, ita ma a hankali, leɓe kawai. Lokacin da majo ya dawo da mota, Aliya ta riga ta shafe masa ido.

Barira ba ta yi kuka ba. Ta fito tsakar gida ta zauna a kan turmi, mata na shigowa suna salati suna dafa ta, ita kuwa idonta na kan indararo, inda ruwan ɗazu ya bar jiƙaƙƙen layi a jikin bango, shi ma ya kusa bushewa. Hajara ta durƙusa a gabanta tana cewa kwana ne ya ƙare, kowa da ranarsa. Barira ta gyaɗa kai. Ta san haka ne, kuma ta san ɗayar maganar, duka biyun suka zauna mata a ƙirji ba wadda ta ture wata. A gabas sama fes take, ko alamar hadari babu.

Maza suka taru a zaure. Liman ya ce a gaggauta a kai shi kafin magariba, da wannan zafi ba a jiran na hanya. Malam Tanimu, abokin Malam Illa tun suna koyon dukanci, shi zai yi wanka. Ya yi sallama daga bakin zaure ya ce a taimaka da ruwan ɗumi. Mata suka dubi juna. Murhu ya yi makonni ba a hura shi da babban itace ba, wata ta ce a aika gidan Hajara a ɗebo wuta, wata ta ce ai kafin ya yi zafi rana ta faɗi.

"Akwai," in ji Barira.

Ta tashi ta nufi bayan madafa. Rahama na zaune a wurin a kan tabarma, da zanen wanka a ɗaure a ƙirji tun ɗazu, ganyen dogon yaro na gefenta a ƙulle. Suka haɗa ido. Rahama ta janye ƙafafunta ta ba ta hanya. Barira ta yaye bargon, ta yaye buhun, tururi ya taso ya lulluɓe mata fuska, ruwan na nan da zafinsa kamar yanzu aka sauko da shi. Ta kamfata a bokiti, ta ɗauko ragowar ruwan Suma'ila ta sirka. Ta tsoma gwiwar hannu ta gwada, ta ƙara na sanyi kaɗan, don Malam ba ya son ruwa mai zafi da yawa.